Kek Mai Tambarin Kurege

Murfin akwatin ba wani abin wahala ba ne. Roba ce mai maƙalai a gefe, irin wadda ake zuba ragowar shinkafa a tura firij. Amma Bakhtiar ya daɗe a tsugune yana kokawa da shi, yatsunsa sai zamewa suke yi.

"Miƙo nan, Abang," in ji ƙanwarsa Rohaida, wadda ba ta kiransa sai da Abang, wato Yaya. "Tsufa ya kawo ka inda murfi ma ya fi ƙarfinka."

"Ji min yarinya! Ni da na goye ki har makaranta kina tsiyayar majina a wuyana?"

Ta yi dariya ta fizge akwatin daga hannun yayan nata. Tun hantsi suke hawan dutsen da ke bayan garin Taiping, su biyu, suna bin kibiyar da ke fuskar waya. Sun yi shekara da shekaru a wannan farautar: wani ya ɓoye akwati a daji ko a lungun gari, ya sa lambobin wurin a intanet, saura su nemo, su rubuta suna a 'yar takardar da ke ciki, su mayar da shi yadda suka same shi. Na wannan Asabar ɗin Ah Wai ne ya shirya, abokin Bakhtiar tun firamare. Ya jera akwatuna daga gindin dutsen har kusa da ƙololuwa, kowanne da sunan wani kek da suka ci a kantin makaranta suna yara. Wanda ya fara buɗe na ƙarshe shi ne gwarzo, kuma Bakhtiar ya rantse ba wanda zai riga shi. Shi ya sa suka baro sauran jama'a a shagon shayin gindin dutse suna ta hira, suka kama hanya.

Rohaida ta ɓalle murfin. Sai ga su nan a jere cikin ledarsu mai ƙyalli: kek mai tambarin kurege, kore da fari, wanda Bakhtiar da Ah Wai suke raba ɗaya su biyu a bayan aji. Ta ɗauki guda ta matsa, ya lotse ya dawo. Soso ne. Ah Wai ya yanka soso ya shafa masa fenti, ya naɗe a ledar gaske. Dokar kenan, ba a saka abinci a akwati, don in dabba ta sansano sai ta yi kaca-kaca da wurin. Rohaida ce ma ta fi kowa tsaurarawa a kan wannan, har 'yan ƙungiya suke ce mata Hedimasta.

"Kai, Ah Wai ya iya ƙarya," ta ce. "Dubi har da layin kirim ɗin."

Bakhtiar ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya yage ledar da haƙori, ya kai soson baki ya fara tauna.

"Abang, wasan ya isa."

Ya ɗago ya dube ta. Idanun kamar ba nasa ba. Zufa ce ke kwarara daga goshinsa, rigarsa ta manne da ƙirji, alhali suna cikin inuwa, iska ma na kaɗawa. Leɓensa ya yi fari.

"Mak ta ce mu dawo kafin ruwa ya sauko," ya ce a hankali.

Mahaifiyarsu ta daɗe a kabari. Rohaida ta zura yatsa ta zaro soson daga bakinsa, ta kama kafaɗunsa biyu.

"Dube ni. Ka yi allurar ciwon sukarinka da safe?"

"Na yi mana."

"Me ka ci bayanta?"

Ya ɗan yi lalube a cikin kansa. "Kofi."

"Da sukari?"

"Likita ya hana."

"Kofi kawai? Shinkafar da matarka Kak Zaiton ta ɗaure maka fa?"

"Za su riga mu," ya ce, yana murmushi irin na yaron da aka kama.

Ta zazzage jakarsa a ƙasa. Alƙalami, tocila, maganin sauro, ruwa. Ba alawa ko ɗaya.

"Ina alawarka? Abang! Ina alawar da matarka take cusa maka a kowane aljihu?"

"A mota. Birai."

Ba ta iya ko yi masa faɗa ba, don ita ma nata biskit ɗin yana can a mota. Duk mai hawan dutsen nan ya san ba a shigowa da abin ci. Biran wurin suna jin motsin leda tun daga nesa, kuma ba roƙo suke yi ba, ƙwata suke yi.

Ta jingina shi da wani itace, ta danna lambar gaggawa. Sabis ɗin sanda ɗaya ce, tana zuwa tana ɓacewa. Matar da ta ɗauka ta ce motar asibiti za ta taso yanzu, amma iyakarta gindin dutse, sauran tafiyar a ƙafa ma'aikatan za su yi. Ta ce a ba shi duk wani abu mai zaƙi maza-maza, muddin yana iya haɗiya. In ya daina haɗiya kada a ɗura masa komai, a shafa masa zaƙin a dasashi kawai.

"Ba ni da komai mai zaƙi!" in ji Rohaida.

Layin ya katse. Ta kira Ah Wai. Hayaniyar shagon shayi ce ta fara shigowa kunnenta, cokula da dariya.

"Hedimasta! Kun ɓata ne? Ba na ba da satar amsa fa, ko an haɗa ni da…"

"Sukarin Abang ya faɗi. Muna akwatin Kurege. Ba mu da komai."

Ta ji kujera ta kife a can.

"Yana magana?"

"Yana kiran Mak."

"Ga ni nan. Zan taho da shayi mai madara, zan kwaso samarin nan." Sai muryarsa ta rage. "Amma Ida, kin san gwiwata. Ko samarin ma, kafin su iso wurinku…"

"Na sani."



"Ida, kada ki kashe ni. Akwatin ƙarshe, na gaske ne a ciki."

"Me ne ne na gaske?"

"Kek. Fakiti guda cur, mai kirim. Har garin Ipoh na je na samo shagon da ke sayar da shi. Na ce wanda ya fara zuwa ya ci abin daɗi. Na sa a gwangwanin biskit, na naɗe da salatif, jiya da yamma kawai na kai, na rantse…"

"Allah ya shirye ka, ɗan banza mai karya doka! Yana ina?"

"Tsohon tankin ruwan gonar roba. Ki haura, ki tsallake rafi, ki bi ta cikin gora. Ya fi miki kusa sosai a kan saukowa. Yana ƙarƙashin bututun, bayan wani dutse. Bari in turo lambobin."

Saƙon ya shigo, kibiya ta juya ta nuna sama. Rohaida ta dubi yayanta. Kansa ya fara langaɓewa gefe, yana wasa da ganye a ƙasa. In ta tafi ta bar shi shi kaɗai a daji, in ta zauna kuma ta zuba ido tana kallonsa yana tafiya. Ta kwantar da shi a gefensa, ta tura jakarsa ƙarƙashin kansa, ta ciro igiyar takalminsa ta ɗaure hannun jakar da bel ɗinsa, ita kanta ba ta san amfanin hakan ba.

"Abang, kada ka motsa. Ka ji? In ka tashi daga nan sai na gaya wa Kak Zaiton duk sigarin da kake sha a bayan masallaci."

"Munafuka," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

Zagin ya yi mata daɗi. Ta kwashi kek ɗin soson nan ta cusa a aljihun wandonta don kada ya sake taunawa ya shaƙe, ta kwasa da gudu.

Hanyar ta miƙe tsaye kamar tsani. Saiwoyi ne matakala, jar laka a tsakaninsu, ruwan daren jiya bai gama tsanewa ba. Rohaida ba yarinya ba ce, aikinta zama ne a ofishin wata makarantar koyon tuƙi, kuma tun ba a je ko'ina ba ƙirjinta ya fara zafi kamar ta haɗiyi garwashi. Ta faɗi, ta tashi. A rafi ba ta tsaya neman duwatsun takawa ba, ta faɗa ciki har gwiwa ta fita. Ta ji wani abu mai sanyi ya maƙale mata a ƙwauri, ta san matsattsaku ne, ta bar shi ya sha.

Da ta shiga cikin gora sai wayar ta rikice. Sama ta rufe ruf, kibiya ta fara juyi, yanzu ta nuna gaba, yanzu ta nuna baya. Lambar tazara ta ragu, ta ƙaru, ta sake raguwa alhali ita tana tsaye wuri ɗaya. Kowane mafarauci ya san wannan haukan, kuma ya san maganinsa haƙuri ne, a tsaya a jira waya ta dawo hayyacinta. Rohaida ta jefa ta a aljihu. Ta rufe baki ta kasa kunne.

Ƙarar ƙarfe ta ji. Kwam. Kwam. Kamar ana buga gwangwani a kan siminti. Ta bi ƙarar ta cikin gora, ganye na yankar fuskarta, har ta ɓullo wani ɗan fili.

Tankin yana nan, siminti ne da gansakuka ta cinye, bututu mai tsatsa ya fito daga gindinsa. Dutsen da Ah Wai ya faɗa an mirgine shi gefe. A saman tankin kuwa, a kan bututun, a rassan da suka sunkuyo, birai ne ko'ina, masu dogon wutsiya, iyaye da 'ya'ya a manne a ciki. Babbansu yana zaune a ƙasa, ƙato mai furfura a kumatu, ya rungume gwangwanin biskit mai launin shuɗi. Ya ɗaga shi ya maka da siminti. Ya riga ya yage rabin salatif ɗin, gefen murfin ya lanƙwashe.

Duk suka juyo suka dube ta a tare.

Rohaida ta sauke idonta ƙasa, ta damƙe leɓɓanta. Tun tana ƙarama aka koya mata: kada ki kalli ƙwayar idonsa, kada ya ga haƙoranki. Ta gefen ido ta ga babban ya ɗage gira, ya wangale baki, fiƙoƙinsa rawaya, tsawon ɗan yatsanta. Ya yi wani gurnani gajere. Biyu suka diro daga bututu suka zagaya ta bayanta.

Sanda ba za ta yi ba. In ta ɗaga masa hannu ya haye itace da gwangwanin, shi kenan an gama. In kuma ta tsaya jira ya buɗe, kafin ta ƙifta ido ba sauran ko ɓurɓushi. Ta motsa ƙafa kaɗan, sai aljihunta ya yi ƙaras-ƙaras.

Kunnuwa suka miƙe. Har 'ya'yan suka ɗago kai.

Ta zura hannu a hankali ta ciro kek ɗin soso guda. Ta murza ledar tsakanin yatsunta, ta ɗaga shi yadda rana za ta haska ƙyallin.

"Ga shi, Datuk," ta ce da murya mai laushi, idonta a ƙasa kamar mai gaida basarake. "Me za ka yi da gwangwani, babban mutum kamarka? Ga wanda aka riga aka fito maka da shi."

Ta jefa shi gefe. Ƙanana suka yi kansa suna ihu. Babban ya bi su da kallo, hannunsa ɗaya har yanzu a kan murfi. Ta jefa na biyu, ya fi kusa da shi. Wata uwa ta cafe ta haye tanki. Nan ransa ya ɓaci, a gabansa ake rabo ba a fara da shi ba. Rohaida ta kwaso duk sauran, ta murza su da ƙarfi, ta watsa su can bayansa cikin gora.

Ya saki gwangwanin ya yi tsalle.

Ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta dai ji sanyin ƙarfe a cikinta, ta cusa shi ƙarƙashin riga, ta juya ta runtuma. Ba ta kai bakin gora ba ihun da ke bayanta ya canza. Sun yage leda, sun ɗanɗana soso.

Ta ji su a sama kafin ta gan su, gora tana kaɗawa tana ƙara kamar ana ruwa. Ɗaya ya diro mata a kafaɗa ya ja ɗankwalinta, ta sunkuya ta bar masa shi. A bakin rafi babban ya cim mata. Nauyinsa ya faɗo a kan hannunta na hagu, ta ji haƙori ya shige naman damtsenta. Ta yi ƙara ta faɗa cikin ruwa da shi gaba ɗaya. Ruwan ya sa ya saki, ya koma kan dutse yana girgiza jiki yana nuna mata baki.

Ta rarrafa ta haye. Da farce da haƙori ta ƙarasa yage salatif ɗin tana tafiya, murfin ya faɗi ya gangara. Fakitin yana nan lafiya, ƙananan kek a jere. Ta yage shi, ta ɗebi kaɗan ta wurga ƙetaren rafi, iya ƙarfin hannunta mai lafiya. Wannan karon na gaske ne, kuma sun sani. Faɗa ya kaure a tsakaninsu. Ta tura sauran cikin riga, ta yar da gwangwanin, ta gangara, rabi da gudu rabi da zamewa a kan ɗuwawu.

Bakhtiar yana inda ta bar shi, sai dai ya mirgina ya kwanta rigingine. Bakinsa a buɗe, numfashinsa yana fita da wani minshari da ba ta taɓa ji ba.

"Abang! Abang, ga ni!"

Ta mare shi a kumatu. Fatar sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf. Idon ya buɗe kaɗan, fari kawai ta gani, ya koma ya rufe. Ta yage leda ta kai kek ɗin bakinsa, sai maganar matar nan ta dawo mata. Ta tsayar da hannunta. Ta mayar da shi gefensa, ta ɗora kansa a cinyarta, ta raba kek ɗin biyu, ta kwashe kirim ɗin tsakiya da yatsa. Ta ɗage leɓensa ta goga a dasashi, ta goga a cikin kunci, tana murzawa. Ta buɗe wani, ta kwashe, ta goga. Kirim ɗin siriri ne kamar an shafa da rowa. Jinin damtsenta yana ɗiga a kan rigarsa, ba ta kula ba.

"Ka tashi mana, ƙaton banza. Wa zai kai Kak Zaiton kasuwa? Ni ba zan iya da surutunta ba. Abang, don Allah. Don girman Allah."

Ba abin da ya motsa. Ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ma ta cin abinci ce. A saman itacen da ke gabansu reshe ya girgiza. Sun biyo ta. Ƙanana ne suka fara zuwa, suka zauna a jere suna kallon tarin burodin kek ɗin da ta kwashe wa kirim. Ta tura shi ƙarƙashin cinyarta ta danne. Wanda bai taɓu ba saura biyu.

Ta buɗe ɗaya. Tana cikin gogawa sai ta ji harshensa ya taɓa yatsanta. Ta tsaya cak. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

"Yawwa. Yawwa, haɗiye. Sake."

Ya sake. Ta gutsuro ɗan mitsitsi ta jiƙa da ruwa ta sa masa a kan harshe, ta zuba wa wuyansa ido har ya wuce. Ta ƙara wani. Can ya buɗe ido sosai, ya dubi rassan sama, ya dubi fuskarta a juye.

"Ida? Me ya sa nake kwance?"

"Ci. Kada ka yi magana."

Ta ɗaga shi zaune ta jingina shi da ƙirjinta. Ta zaro burodin da ta danne, duk ya lotse, ta riƙa tura masa yana ci kamar ɗan yaye. Da ya kai kan na ƙarshe, mai kirim ɗinsa cikakke, da kansa ya karɓa. Ya kai baki.

Daga ƙasa aka fara jin muryoyi da bugun sanduna a jikin itatuwa. Birai suka watse sama. Samari biyu na ƙungiyar ne suka fara ɓullowa, ɗaya riƙe da ledar shayi mai madara, bayansu ma'aikatan asibiti da jakarsu. Can baya sosai Ah Wai, yana jan ƙafa, fuskarsa ja wur, yana haki kamar zai mutu.

"Yana da rai?" ya ƙwala tun daga nesa. "Ida! Yana da rai?"

Bakhtiar ya ɗaga ragowar kek ɗin sama yana tauna.

"Ah Wai," ya ce, muryarsa a shaƙe, "an cuce ka. Wannan ba ɗanɗanon na da ba ne. Kamar sabulu."

Ah Wai ya zube a kan wata saiwa, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Ba a gane ko dariya yake ko kuka ba.

Ɗaya daga ma'aikatan ya soki yatsan Bakhtiar ya duba na'urarsa, ya gyaɗa kai, ya ce a ba shi shayin ya shanye tas. Ɗayar, wata matashiya, ta tsuguna gaban Rohaida ta kama hannunta na hagu ta juya shi. Sai a lokacin Bakhtiar ya waiwayo ya ga damtsen, ya ga kanta ba ɗankwali, ya ga laka har wuya. Ya daina tauna.

"Wane ne ya yi miki wannan?"

"Sha shayinka."

"Kak, wannan cizon sai an wanke shi yanzu-yanzu, kuma akwai allurai a gabanki," in ji matashiyar, tana kiranta Kak, wato Yaya, don girmamawa. "Za ki iya sauka da ƙafarki?"

"Ƙwarai kuwa," in ji Rohaida.

Ta dafa ƙasa za ta miƙe, ƙafafun suka ƙi. Ta sake gwadawa, suka sake ƙi. Bakhtiar ya cire hular kansa ya kifa mata a kan gashi, ya miƙa mata ledar shayin da ya sha rabi. Ta karɓa da hannu biyu ta kafa baki.